Buhun da Kika Ɓoye a Bayan Randa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga Mamana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ni babanki, da Ummanki, da ƙannenki duka. Da fatan kin sauka Zariya lafiya, kin samu ɗaki, kin kuma dace da abokan zama na kirki. Allah Ya tsare min ke a inda idona ba ya kaiwa, Ya tsare ki a tafe da zaune, Ya raba ki da sharrin mutum da ciwon da ba a san kansa ba. Amin.

Bayan haka, ga kayanki nan na ba direba a tasha ya kawo miki, tare da wannan takarda. Kin ɗauka kin yi wayo ko? Ranar da muka raka ki mota muka dawo, Ummanki ta je ɗiban ruwa, sai ga buhun guzurinki a bayan randa an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma. Gero, wake, kuka, daddawa, busasshen zogale, kuɓewa, ƙuli-ƙuli, har da jarkar manja, ba abin da kika taɓa. Haba Mamana, ni za a yi wa ɓoyo? Ni da na taɓa ɗora akuyar liman a kan soro, aka wuni ana nemanta a gari tana kuka daga sama?

Ki yi haƙuri da rubutun. Ni allo na sani, wannan bokon kuwa ke kika koya min shi a bayan kwalin fulogi, don haka duk kuskuren da kika gani laifin malamar ne. Na zaɓi in rubuta saboda kin san halina, in na buɗe baki a gabanki wasa ne yake fitowa. Ga ki 'yar fari, ga sunan Inna a kanki, mutum ya rasa ta inda zai fara yi wa uwarsa faɗa. Amma takarda ba ta jin kunya.

Kafin komai, ki sani tun da kika tafi ƙafata ba ta taɓa ƙasa sosai. Duk wanda ya kawo babur gareji, ko iska ce kawai zai sha, sai ya ji cewa 'yata tana jami'a. Jiya wani ya ce, "Sale, ka faɗa min shekaranjiya." Na ce, "To har yanzu tana can." A gidanmu kaf, daga kakanni zuwa yau, ke ce kika fara taka wannan matsayi. Shi ya sa ba zan zuba ido yunwa ta karya min ke ba.

Bari in ba ki labarin wani buhu irin naki.

Ina saurayi, gemu bai gama fitowa ba, aka tura ni Kano koyon gyaran babur. Inna, Allah Ya jiƙanta, ta kwana biyu tana daka tana tankaɗe, ta haɗa min ƙulle-ƙulle kamar waɗannan da Ummanki ta haɗa miki. Ina sauka gareji na ga yaran birni da wando matsattse suna cin burodi suna korawa da lemon kwalba. Ɗaya daga cikinsu, Ilu, wanda daga baya ya zama aminina, ya shinshina jakata ya ce, "Kai ɗan Daura, gawa ka ɗauko mana?" Aka kwashe da dariya. Kunya ta rufe ni. Ni kuwa ba a yi min dariya in kwana ban rama ba. Ranar da Ilu ya ci kwalliya zai je zance, na cusa masa daddawar Inna a ƙarƙashin kujerar babur, kusa da inda injin yake ɗumi. Ya je yana tsara yarinya, ita tana matsawa baya, shi yana matsowa, har ta ce ana kiranta a cikin gida. Mun yi dariya har da hawaye. Sauran kayan kuma, zogale da kuka da kuɓewa, na watsa wa awakin maƙwabta. Na ce na rabu da ƙauyanci.

Daga nan na zama ɗan shayi. Safe shayi da burodi, rana garin rogo da sukari, dare burodi da lemo in an samu. Ciki yana cika, ban taɓa kwana da yunwa ba, shi ya sa ban san ina cutar kaina ba. Sai da aka ɗau lokaci na lura da wani abu. Da rana ina gani garau, ko ƙaramin noti ya faɗi a ƙasa ni nake tsinto shi. Amma da an yi kiran magariba sai in ji kamar an yafa min bargo a fuska. Na ce wa Ilu, "Ni fa ba na gani in rana ta faɗi." Ya ce, "Sannu Sarkin Makafi, a samo maka ɗan jagora?" Na faɗa wa maigidanmu, ya ce, "In aikin yamma ne ba ka so, ka fito fili." Wa zai yarda da ni? Ni da na taɓa kwanciya na ɗauke numfashi har aka fara salati.

Ranar nan mun taso daga masallaci bayan magariba, na auka cikin kwatar gareji da ake zubar da baƙin mai. Na fito ƙafa tana jini, Ilu yana riƙe da ciki yana cewa, "Wallahi Sale ka iya! Yau har da jini ka haɗa?" Wata mai tuwo da ke bakin gareji, muna ce mata Iya Tabawa, ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kai ɗan Daura, zo nan." Na nufi inda na ji muryar. Ashe ludayi ta ɗaga tana kaɗawa a gaban hancina, ban ko ƙifta ba.

Ta ce, "Yaushe rabonka da miya?"

Na ce, "Iya, ai mu yanzu 'yan shayi ne."

Ta ce, "Shayin ƙaniyarka. Dundumi ne ya kama ka, sakarai. Uwarka ba ta haɗo maka guzuri ba?"

Ilu ya ce, "Ta haɗo, awaki sun gode."

Washegari maigida ya kai ni asibiti, suka ce maganar Iya haka take, suka ba ni magani. Iya kuma ta ɗora ni a kan hanta, da manja, da miyar ganye, kullum sai ta tsaya a kaina na shanye. A hankali bargon ya yaye. Da na zo gida hutun salla, ashe labari ya riga ni. Kwaɗon zogale kawai Inna ta riƙa ajiye min, safe da rana da yamma, har na fara jin kamar zan yi toho.

To ga abin da nake so ki riƙe. Cika ciki daban, ciyar da jiki daban. Babur ma in ka ɗura masa gurɓataccen mai zai tashi, zai yi tafiya, sai wata rana a tsakiyar hanya ya tsaya cak. Ke kuma idonki da ƙwaƙwalwarki su ne kayan aikinki. Kada rana ta fito ta faɗi ba ki ci ganye ba, ko zogale, ko rama, ko alayyahu, ko kuka. Busasshen zogalen nan ki jiƙa shi, ki ɗan tafasa, ki kwaɗa da ƙuli da albasa da tumatir. Manjan kuma ba na ado ba ne, ki riƙa ɗigawa a wake da miya. In kin samu sarari ki je wurin mahauci ki yanko hanta, ko yanka kaɗan ne, ya fi miki kwalin biskit. Wannan taliyar leda ta 'yan gayu ban hana ki ba, amma kada ta zama ita ce uwar ɗaki. In za ki dafa, ki yanka mata kabeji da karas, ki fasa ƙwai. Daddawa kuwa, ki sa ta a gwangwani mai murfi, wanda duk ya toshe hanci a gabanki ki ƙyale shi, ranar da miyarki ta nuna shi ne zai fara zuwa da cokali.

Kuskurena na biyu bayan na auri Ummanki ne. Lokacin na buɗe garejina a nan Daura, kaina yana hayaƙi. Ranar da aka kawo aiki mai maiƙo sai in shigo gida kamar ɗan kasuwar da ya dawo daga Makka: kaza a hannun dama, lemon kwalba a hagu, burodi mai yanka-yanka a hammata. Mu ci mu yi gyatsa. Sauran kwanakin kuma sai ruwan bunu da kallon juna. Ummanki ta jure, ta jure, wata rana tana tsotsar ƙashin kaza ta ce, "Malam, kazar nan ta yi daɗi. Amma gobe fa, ko ka ji an ce an soke ta?" Na ce, "Allah Yana nan." Ta ce, "Yana nan, shi ya sa Ya halicci wake."

Tun daga ranar ta karɓi ragamar cefane. Da kaka ta yi sai ta tasa ni gaba in hau babur zuwa kasuwar Mashi ko ta Dutsi in auno gero da wake da gyaɗa tun suna araha. Lokacin da tumatir ya cika kasuwa har ana roƙon mutum ya saya, sai ta yanka ta shanya a kan rufi, ta yi kauɗa. Haka kuɓewa, haka tattasai. Ni da nake mata dariya ina cewa ta mai da gidana rumbu, da damina ta yi nisa kaya suka yi tsada, ni ne na fi kowa loma. Da wannan dabara aka raine ku, ki dubi tsayinki ki gani ko an cuce ki.

Don haka ranar da abin da na turo ya shigo hannunki, kada ki bi ta gaban shagon nan mai fitilu da sanyi. Wuce kai tsaye wurin 'yan hatsi. Fara da abin da zai zauna bai lalace ba: wake, gero ko masara, shinkafa 'yar gida, gyaɗa, mai, busasshen kifi. Ki auna da kwano, kada ki saba da sayen ƙulli-ƙulli, nan ne kuɗi yake zurarewa mutum bai sani ba. Waken ki zuba shi a jarka, ki jefa busasshen barkono a ciki, ki toshe bakin da kyau saboda ƙwari. In za ki dafa ki jiƙa shi da wuri, zai nuna da sauri bai cinye miki wuta ba. Kayan miya kuma ki saya kaɗan-kaɗan, kuma ki je da la'asar sakaliya lokacin da masu kayan gwari suke son tashi, a lokacin bakinsu ya fi laushi. Ki yi ciniki, ba abin kunya ba ne. Kabewa guda in ba a yanka ta ba tana daɗewa a ƙarƙashin gado. Dankalin Hausa yana riƙe ciki fiye da burodi. Awara tana tsaya wa mutum a ranar da nama ya fi ƙarfinsa. Kayan marmari kuma ki bi wanda lokacinsa ya yi, in mangwaro ne mangwaro, in gwaiba ce gwaiba, in yalo ne yalo, kada ki nemi wanda ya yi nisa. Maimakon lemon kwalba ki jiƙa zoɓo ko tsamiya, ki rage sukari. Kuma kada ki fita aji da safe ciki ba komai, ko kunun gero ne ki dama ki jefa ƙuli a ciki.

Ban ce ki zama tsohuwa ba. Ki bar wa kwaɗayi ɗan gurbinsa, amma a ƙarshe. Wata rana ki sayi tsire ki ci ki lashe yatsa, ki ce babanki ne ya ba da izini. Af, akwai ƙulli ɗaya a saman buhun da na naɗe da takarda kamar kilishi. Kada ki kira ƙawaye kafin ki buɗe. Silifas ɗinki ne da kika manta, ƙafa ɗaya.

Na uku gajere ne. Kin san yadda muke ciyayya a ƙofar gida, kowane magidanci ya fito da kwanonsa a haɗu a ci. Akwai shekarar da aiki ya tsaya min, miyarmu ta koma kuka tsagwaronta ba ko ƙashi. Sai na daina fita, na ce cikina ne yake ciwo. Maƙwabcinmu Malam Hadi ya yi sallama har zaure, ya tarar da ni na duƙa a kan kwano ina zuba loma. Ya ce, "Ikon Allah, ciwon cikin nan yana da ci." Ya sunkuci kwanon ya yi waje da shi, dole na bi shi. Da aka buɗe kwanuka, wannan wake, wannan dambu, wancan fate, shi Malam Hadin tuwo ne da miyar da ta fi tawa tsarki. Ba wanda ya fi wani, amma da aka haɗa sai kowa ya ci kala-kala. Miyar kukar Ummanki ce ma ta fara ƙarewa.

Ki nemi yara biyu ko uku masu hankali a ɗakinku ku haɗa tukunya. Wuta ɗaya, mai ɗaya, kowa ta kawo abin gidansu. Wata za ta zo da doya, wata da manja, ke ki zo da geron Daura. Amma ki lura da mai zuwa da cokali kawai kullum. In babu ce ta sa, ki rufa mata asiri ki zuba mata. In wayo ne, ki ba ta wankin tukunya.

Mamana, a nan na yi niyyar rufe takardar. Na karanta wa Ummanki ina jiran ta yaba, sai ta ce, "Duk wannan surutu ka yi, amma ba ka san 'yarka ba. Ka ɗauka kunyar daddawa ce ta sa ta bar buhun, don kai haka ka yi." Ta kira ƙanwarki Zulai ta ce ta maimaita abin da ta faɗa mata. Zulai tana murza gefen hijabi ta ce, wai ke kika ce ta taya ki jan buhun, kika ce, "Gareji ba ciniki kwanan nan, kuma Baba ya sayar da babur ɗinsa saboda kuɗin makarantata. A bar wa su Auta wannan. Ni ba ni da ci, zan lallaɓa."

Ummanki ta ce tun da ta aure ni ba ta taɓa ganin bakina a rufe haka ba.

Sai na tuna daminar bara, da hatsi ya yi tsada. Ina kallo kina cin loma biyu ki ce kin ƙoshi, ki tura wa ƙannenki kwanon. Na gani sarai, na kuma gane. Amma me na yi? Na ce, "Mamana so take ta zama siririya kamar sifok ɗin keke." Kowa ya yi dariya, ke ma kika yi, aka wuce wurin. Wannan shi ne kuskuren da ya fi sauran, kuma ba a Kano na yi shi ina yaro ba, a tsakar gidana na yi shi da furfura a gemu. Wurin da ya kamata in yi magana, sai na yi wasa.

To yau ga maganar. Na yi alfahari da ke ranar da sakamakonki ya fito, amma bai kai na yau ba. Yarinyar da za ta bar abincinta saboda ƙannenta, ta tafi garin da ba ta san kowa ba da jaka fayau, ba ni na koya mata wannan ba, halin Inna ne ya biyo sunan. Allah Ya yi miki albarka. Amma ban karɓa ba. Ciyar da su Auta aikina ne, ba naki ba. Babur na sayar, ban sayar da hannuna ba, kuma gobe ma babura za su lalace a Daura da yardar Allah. Geron da ke gidan nan zai kai mu kaka, na buɗe na duba da idona. Wannan buhun da sunanki aka auna shi. In kika zauna da yunwa kika kasa karatu, ko aka bugo min waya aka ce kin yanke jiki kin faɗi a aji, to a ranar ne babur ɗina ya tafi a banza. In kina son ki taimaki gidan nan, ki ci ki ƙoshi, ki yi karatu.

Kuma kada ki jira sai kin ga gindin buhu. In kaya sun yi ƙasa ki kira ni ki ce, "Baba, abinci ya kusa ƙarewa." Ba sai kin yi kwana-kwana ba, ba sai kin fara tambayar ya gareji ba. Na yi miki alkawari tsakanina da Allah, a kan wannan magana ɗaya ba zan taɓa yi miki wasa ba, ba zan kuma tambaye ki yadda aka yi ya ƙare ba. Sauran duk abin da kika faɗa kuwa, ki shirya, sai na tsokane ki.

Ki riƙe salla a kan lokaci, ki riƙe azkar ɗinki na safe da yamma. Ummanki tana gaishe ki, ta ce a faɗa miki kukar sabuwa ce, kada ki cika mata kanwa. Allah Ya sa albarka a abin da za ki ci da abin da za ki karanta. Ya ba ki lafiyar ido da ta zuciya, Ya haɗa ki da mutanen da za su ji ƙanki, Ya kare ki a hanya da makwanci, Ya dawo min da ke gida lafiya, da kumatunki. Amin summa amin.

Wassalam.

Ni ne babanki,
Sale mai gyaran babur,
Daura.